Ƙafafun Gora

Kwanakin baya wasu ɗaliban aikin lafiya suka fake a zaurena a nan Rano, suna jiran ruwa ya ɗauke. Ɗayansu ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, dubi yadda ake koyon tiyatar ƙashi yanzu. Tabarau kawai za ka ɗaura, ka riƙe wasu 'yan sanduna biyu, kana huda ƙashi kana ɗaure shi a cikin iska. Wallahi kamar wasan yara. A sayo irin wannan na'urar a raba wa kowane asibiti mana, magana ta ƙare."

Na ce masa na san na'urar, ni ne ma na riƙa goge mata jiki da tsumma. Suka fashe da dariya, sun zaci tsokana ce irin ta tsofaffi. Kafin in yi musu bayani ruwa ya tsagaita, suka hau baburansu suka tafi. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna in ba su amsarta a nan, ko da ba za su karanta ba.

Sunana Haruna, amma a wurin aiki Haruna Mai Ƙafa ake ce mini. Ni ɗan masassaƙi ne. A Rurum Tsohon Gari aka haife ni, kuma da na buɗe ido gizago na gani a hannun mahaifina. Turmi, taɓarya, ƙotar fartanya, akushi, kujerar tsugunno, babu wanda ban sassaƙa ba tun kafin gemu ya fito mini. Da roba ta cika kasuwa sana'ar ta yi sanyi, sai wani ɗan'uwa ya samo mini aikin leburanci a wani asibiti a yankinmu. Aka jefa ni ɗakin ɗaurin karaya, inda ake sa wa mutane filasta, wadda mutanen gari ke kira siminti.

Shugaban ɗakin Malam Garba ne, wani gajeren dattijo mai jan haƙori saboda goro. Ban taɓa jin ya ce wa kowa ya yi daidai ba. In ya yi shiru, to ka yi daidai. Aikin farko da ya ba ni ba a jikin mutum ba ne. Ya aike ni na sayo rake a bakin ƙofa, ya naɗe shi da auduga, ya bi da bandejin filasta, ya jingine shi a rana. Da ya bushe sai ya miƙo mini ɗan zarto.

"Cire masa," in ji shi. "Wannan ƙafar wani ce. In na ga ruwa ya tsatso a jikin raken nan, mutum ka yanka."

Na cije leɓe, na dage, na cire. Ya ɗaga raken ya juya shi a haske, ga ruwa yana ƙyalli.

"Allah ya jiƙan wannan," in ji Malam Garba. "Shanye shi, ka sayo wani."

Raken da na sha a shekarar nan har haƙorana suka riƙa yi mini tsami. Sai da ya ga rake yana fitowa daga hannuna a bushe kafin ya bar ni na taɓa ɗan Adam. A hannunsa na koyi cewa da tafin hannu ake shafa filasta, don kan yatsa yana barin lotsawa, lotsawar nan kuma ita ke cin fata daga ciki har ta zama gyambo. Na koyi barin yatsun ƙafa a waje, domin su ne masu kawo ƙara. In sun kumbura ko sun yi sanyi, ɗauri ya matse, sai a kwance tun kafin majinyaci ya gama bayani.

Masu zuwa mana ba sa canzawa. Ɗan acaɓa da fasinjansa, yaron da ya faɗo daga kan mangwaro, Bafillacen da saniya ta harba, tsohuwar da santsi ya kwashe a bakin rijiya. Da yawansu sai sun biya ta wurin maɗori tukuna, kuma ni ban raina maɗora ba, na ga masu hannu mai kyau ƙwarai a cikinsu. Amma in ƙashi ya huda fata ya leƙo waje, wannan ba aikin kara da tsumma ba ne, kuma na kirkinsu sun san haka. Irin wannan karayar ce muke turawa Kano, a kan hanyar da wani lokaci mai lafiya ma ba ya so.

Akwai wani babban likitan ƙashi da yake zuwa mana daga Kano jifa-jifa, yana yin aiki yana koyar da ƙananan likitoci. Wata rana ya fito daga tiyata ransa a ɓace, ya zauna a bencinmu. Ya ce wa Malam Garba ƙashi bango biyu ne da shi. Ka huda na farko da ƙyar, sai ka faɗa cikin taushin ɓargo, sai ka ci karo da na biyu. Da zarar na biyun ya saki, dole hannu ya tsaya cak, in ba haka ba bakin ƙarfe ya zarce cikin jijiyar jini.

"Hannu ne ke jin wannan, ba ido ba," in ji shi. "To a ina yaran nan za su koya? A jikin mutane?"

Ina gefe ina wanke bokiti, sai raken nan ya faɗo mini a rai. Na fara da ƙashin ƙafar saniya daga wurin mahauta. Ya yi kauri da yawa, ga wari, ga ƙuda, ga karnukan unguwa sun mayar da bayan ɗakinmu majalisa. Daga nan na koma kan gora, irin wadda ake rufin ɗaki da ita, don tana da abin da nake nema: bango mai tauri, rami a tsakiya, da wani bangon a ɗaya gefen. Na cusa mata soson tsohuwar katifa da na kwaɓa da garin katako da gam. Ta farko likita ya huda ya ce ta yi laushi. Ta biyu ta tsage masa a hannu. Na sha kai masa yana dawo mini da ita, har na gane cewa sai gorar da ta ƙosa, a shanya ta a inuwa, a ɗan gasa ta sama-sama.

Kan gwiwa da idon sawu da itacen ɗinya nake fitar da su, da gizago da wuƙar sassaƙa da magagari. Tsoka soso ne. Jijiya robar tayar babur ce. A bayan ƙashin nakan shimfiɗa robar ƙarin ruwa cike da zoɓo, yadda duk wanda hannunsa ya zarce, sai ya ga ja ya feso masa. Likita ya ce in yi ta kamar gaske, domin wanda aka ba gora wasa yake yi, amma wanda aka ba ƙafa hannunsa yana rawa, kuma rawar nan ce ake so ya saba da ita. Don haka na riƙa sayen jemammiyar fatar akuya a wurin dukawa, in rina ta, in ɗinke a kai. Na yi yatsu, na yi farce, har faso nake tsagawa a dunduniya.

In na gama sai in karya ta. Wannan shi ne abin da ban taɓa sabawa da shi ba. Ka ɓata kwanaki kana lallaɓa abu, sannan ka gitta shi a kan turmi biyu ka sauke masa taɓarya. Kowace karaya da irin dukanta. Ta ɗan acaɓa a tsaye ake bugawa. Ta wanda ƙafarsa ta maƙale ya juya, murɗewa ake yi. In ana son wadda ƙashi ya huda fata, sai in buga a karkace, in tura tsinin gorar ya fasa fatar.

Gorar duk Isuhu ne yake kawo mini ita. Isuhu ɗan kawuna ne, taubashina, manomi a Unguwar Gai ta Kibiya, yana da amalanken shanu. Yakan saro ta a bakin rafi ya jibge mini a ƙofa, kuma bai taɓa sauke ta bakinsa a rufe ba.

"Bawana," yakan ce, "ubanka ya sassaƙa turmin da aka daka tuwon gari guda. Kai kuma ka ƙare a sassaƙa ƙafar da ba ta zuwa ko'ina."

"Ta fi taka," nakan ce masa. "Taka in ba gidan suna ko na biki ba, ina take zuwa?"

Wadda ta fi kowa cin ƙafafun nan ita ce Dakta Rabi. Ƙaramar likita ce da aka turo mana, iyayenta mutanen Madachi ne, nan kusa da mu, shi ya sa ta zauna lokacin da sauran ke neman a mayar da su birni. Abu ɗaya ta sa a gaba: ta iya kafa ƙarafan nan da ake hudawa cikin ƙashi a ɗaure su daga waje, don mai karayar da ta huda fata ya daina shan jijjiga zuwa Kano. In ta tashi aiki sai ta shigo ɗakina ta ce, "Malam Haruna, a karya mini ɗaya." Da farko babu hijabinta da zoɓo bai ɓata ba. Daga baya sai na ga ina mayar da zoɓon cikin jarka bai zube ba.

Amma ni mutum ɗaya ne, kuma ƙafa ɗaya ba ta jure huda da yawa. Likita ya so a riƙa kai wa wasu asibitoci. Na ɗauki masu koyo, ba wanda ya zauna, kowa ya ga acaɓa ya fi saurin kawo na cefane. Saboda haka da aka ce wata ƙungiya daga ƙasar waje ta kawo na'urar koyon tiyata, an gwada ta a Kano ta yi kyau, yanzu za a bazu da ita zuwa ƙananan asibitoci, ban ga laifin kowa ba. Aka ware mana ɗaya, aka ware ɗaya domin wani ƙaramin asibiti a Kibiya.

Ba zan zage ta ba. Na ɗaura tabaran nan da kaina. Sai ga ni a ɗakin tiyata fes, ga mutum kwance, ga ƙashi a buɗe. In ka huda, sandar da ke hannunka tana kakkarwa, kana jin bango na farko, kana jin na biyu, in ka zarce ta gaya maka. Ba ta wari, ba ta jiran gora ta bushe, kuma ƙafar da nake kwanaki ina haɗawa ita tana sabunta ta kafin ka ƙifta ido. Na cire tabaran na san ta fi ni, kuma na ji haushi. Aka ce ni ne zan zama mai kula da ita.

To, abin da ya zauna lafiya a Kano cikin ɗaki mai sanyi, da injiniya a ƙofa ta gaba, bai san mu ba. Ana tsakiyar huda ƙashi sai a ɗauke wuta, in an dawo da ita na'ura ta manta komai, sai a koma farko. Janareto na ɗakin tiyata ne da firjin jini, kuma wa zai ƙona mai saboda majinyacin da babu shi, alhali ga mai naƙuda a kwance? Ba ta buɗewa sai ta gaisa da gidansu a can ƙasar waje ta intanet, don haka sai in ɗauki ɗan akwatin sabis in fita da shi gindin darbejiya, ina ɗaga shi sama kamar mai tallar fura. Da bazara ta kama, gumi yana dushe tabaran, ita kuma in ta yi zafi sai ta kashe kanta. Ta Kibiya ko fitowa daga kwali ba ta yi ba. Ɗakin da aka ba ta yana yoyo, ma'aikacin da aka koya wa ita an yi masa canjin wurin aiki, kwalin ya zama wurin ajiye filas ɗin shayi.

Wani abin kuma ba wuta ce ta kawo shi ba. Ɗakin tiyatar da ke cikin tabaran yana da injin huda mai batir, da hoton ƙashi nan take, da kowane irin ƙarfe da ka nema. Namu injin da hannu ake juya shi. Wata rana Dakta Rabi ta cire tabaran ta share fuska ta ce, "Malam Haruna, mutumin nan na ciki bai taɓa zuwa wurin maɗori ba. Kullum yau ya karye, yau aka kawo shi, ciwonsa ko ƙasa babu."

Na'urar tana buƙatar ɗaki mai silin da ƙofar da ke kulluwa, kuma ɗakina ne kaɗai haka. Ina Kano ana koya mini kunnawa da kashewa aka ce a share shi. Leburori suka kwashe kwandunan tsofaffin ƙafafun da aka riga aka huda aka yanka, suka zuba a wani rami a bayan katanga, suka watsa ƙasa a kai. Da na dawo aka gaya mini, na ce ba komai, ai dama sun gama aikinsu.

Ruwan farko na daminar da ta biyo baya da ƙarfi ya zo. Ya wanke bakin ramin. Da safe wasu mata masu wucewa gona suka ga ƙafa ta leƙo daga cikin laka, da yatsunta da farcenta, an yanke ta a gwiwa, ga kusoshi a jiki, ga ja-ja ya rine fatar. Fatar akuya in ta jiƙa kumbura take yi, kuma tana wari. Suka yi salati suka ruga.

Ku da kuka yi karatu za ku ce don me ba a duba ba. A wurinmu ba a ƙare wa gawa kallo, ba a kuma tona ta da sanda. Wanda ya fara isa rufewa yake yi. Wani dattijo ya cire babbar rigarsa ya lulluɓa, aka kawo tabarmi, aka kwashe da kawar da kai. Kuma kowa ya san al'ada: in an yanke wa mutum hannu ko ƙafa a asibiti, naɗewa ake yi a farin ƙyalle a miƙa wa danginsa su binne. Ganin ƙafafu a juji ba ƙaramin abu ba ne. Kafin labari ya iso mu, an naɗe su an kai maƙabarta an rufe.

Na sami limamin unguwar a ƙofar masallaci, na durƙusa na gaishe shi.

"Allah ya gafarta Malam, wallahi gora ce da soso. Ni na sassaƙa su da hannuna."

"Na ji ka, Haruna, kuma ban ƙaryata ka ba," in ji Liman. "Kana nan aka zuba su? Ka duba kowace ɗaya?"

"Ina Kano, Malam."

"To ka gani. In itace ne, ba mu yi asarar komai ba sai ƙyalle. In akwai ta mutum ko guda ce a ciki, mun sauke nauyi."

"A tone a duba mana, Malam."

Ya ɗago ya dube ni a hankali. "Kabari za a tone?"

Na yi masa sallama na tashi. Ya yi mini adalci, ya sanar bayan salla cewa Haruna ya ce itace ne. Amma abin da mutane suka riƙe shi ne, Haruna ne ya ce, kuma Haruna albashin asibiti yake ci. Labarin kuwa tuni ya hau mota. Kafin ya kai kasuwar Kibiya ya zama cewa asibitinmu yana yanke ƙafafun mutane don yaran likitoci su koyi aiki a kai, in sun gama su watsar. Abin da muka ƙago don kada a koya a jikin mutum, shi aka ce muna yi. Bencin ɗakin karaya ya koma wurin barcin mage.

A cikin daminar ce na'urar ta kulle kanta. Wata safiya na kunna, sai rubutu ya fito cewa wa'adinta ya ƙare, sai an sabunta. Aka nemi mutanen ƙungiyar, aka ce aikinsu a ƙasar nan ya zo ƙarshe. Kafin a gama kai-komo ɓera ya cinye wayar sanda ɗaya, kuma babu mai sayar da irinta ko a Kano. Dakta Rabi ta ce in koma sassaƙa. Hukumar asibiti ta ce bayan abin da ya faru, kada a sake ganin ƙafa a harabarta. Sai na riƙa yi a gida, gora tsirara, ba fata ba yatsu, ina kai mata a buhun taki tana hudawa a barandar gidanta. Ba na'ura, ba ɗaki, ba majinyata, amma ba ta daina ba.

Labarin Isuhu a kasuwar Kibiya na ji shi, a bakin wani mai sayar da igiya. Ya ce, "Malam Haruna, ya jikin ɗan'uwanka?" Na ce wane ɗan'uwa. Ya ce ai amalanke ya kife da Isuhu a kan hanyar gona, ƙafarsa ta maƙale a ƙarƙashi, ƙashi ya fito waje, an kwana biyu da yin abin. Kowa ya sani sai ni. An ɓoye mini ne saboda ni mutumin asibiti ne.

Na hau babur zuwa Unguwar Gai. A zaure na tarar da Alhaji Bala, yayan Isuhu, wanda maganar gidan ke hannunsa tun rasuwar kawu. Shi ma taubashina ne, amma ya girme ni nesa, ba ma wasa.

"Yaya, me ya sa ba a kai shi ba?"

"Ina? Inda ake zubar da ƙafafun mutane?"

"Yaya, gora ce! Shi Isuhun ne yake saro mini ita, da amalanken nan da ya kife da shi yake kawo ta. Bai gaya muku ba?"

"Ya gaya mana, har ya ce a kira ka," in ji shi. "Gorar da ya kai maka na sani, Haruna. Abin da aka binne ne ban sani ba."

Maɗorin ƙauyen yana zaune a gefe, kansa a sunkuye. Ya ce, "Alhaji, tun ranar na gaya maka wannan ba tawa ba ce. Ka ce in ɗaura, na ɗaura don kada in bar shi haka. Yau ma ina sake gaya maka a gaban ɗan'uwanka."

Tun daga ƙofar ɗaki hancina ya ba ni labari. Na duba yatsun, kamar yadda Malam Garba ya koya mini. Sun yi baƙi, sun yi sanyi. Isuhu ya buɗe ido da ƙyar, jikinsa zafi rau.

"Bawana," ya ce, "sai yanzu? Haka ake yi wa ubangida?"

Warin ne ya karya Alhaji Bala, ba maganata ba. Muka samo mota. Na buga wa Dakta Rabi waya daga hanya, kafin mu isa ta sa an dafa ƙarafa an jera su a faranti. Ta kwance tsumman, ta cire karan, ta danna yatsun, ta daɗe tana tsaye. Sannan ta kira ni waje.

"Malam Haruna, ita ce," in ji ta. "Wadda kake buga mini a karkace. Na kafa mata ƙarfe har ban san iyaka ba. Da a ranar aka kawo shi..."

Ta koma ciki ta rufe farantin da ƙyalle, ta rubuta mana takardar zuwa Kano. A can babban likitan nan da kansa ya yanke ta a ƙasan gwiwa, ya ce in aka ƙara jinkiri ba ƙafa kaɗai za a rasa ba. Bayan an fito, wata ma'aikaciya ta zo da abu a naɗe cikin farin ƙyalle, ta tambayi wane ne babba a cikin dangi, ta miƙa wa Alhaji Bala da hannu biyu. A kan cinyarsa ya riƙe ta tun daga Kano har Unguwar Gai. Sai da muka rufe ramin muna karkaɗe hannu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ashe suna bayarwa."

Na juya na kama hanyar gida. Raina ya ɓaci har ban yarda da abin da bakina zai faɗa ba.

Mutane sun dawo asibiti a hankali, don karaya ba ta jiran a gama jita-jita. Amma Dakta Rabi ta tafi ƙarin karatu, daga can aka riƙe ta, kuma ban ga laifinta ba. Wanda aka turo a madadinta bai taɓa kafa ƙarafan ba, babu kuma abin da zai koya a kai, don haka muka koma tura mutane Kano kamar da. Na'urar na nan na lulluɓe ta da zanin gado. Wasu baƙi sun zo sau ɗaya, suka sa na yaye zanin, suka ɗauke ta hoto, suka tafi. Har na ajiye aiki ina goge ta, don ba wanda ya ce in daina.

Shi ya sa in na ji yaro ya ce a sayo a raba, sai in tuna duk wannan. Sayowa ai ita ce mai sauƙin. Ban ce kada a kawo ba. A kawo, amma wanda zai kawo ya zo ya zauna a bencinmu damina guda tukuna, ya ga wutarmu da rufinmu da injin da muke juyawa da hannu, ya kuma je ya gaishe da liman ya nuna masa abin da ake yi a ɗakin tun kafin ruwa ya nuna masa.

A shekarar da abin ya faru, bayan kaka, aka kawo mini Isuhu a bayan babur, da sandunansa biyu. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya zauna a zauren nan da ɗaliban suka fake, ya miƙe guntun ƙafar a kan tabarma. Ya ce an sa sunansa a layin masu jiran ƙafar roba a Kano, layin ba ya motsi, kuma an ce masa ko ta zo ba ta son laka.

"Bawana," ya ce, "na daɗe ina cewa ƙafafunka ba sa zuwa ko'ina. To, sassaƙa mini wadda za ta je gona."

Na auna shi da zare. Na samo ɗinya busasshiya, mara nauyi, na fafe mata mazauni, na shimfiɗa soso da fata mai laushi, na yi mata maɗauri. Yana zuwa yana zama a gefena, yana kushe aikin tun daga sama har ƙasa. Ranar da na zo kan tafin, na ɗauki wuƙa na fara tsaga wurin babban yatsa, don hannuna ya saba. Sai ya riƙe mini wuyan hannu.

"Tsaya. Kar ka yi mata yatsu."

"Don me? Sai ta fi kyau a takalmi."

"Kar ka sa mata fata a waje kuma. Bar ta a itacenta, kowa ya hango ya san itace ne." Ya yi 'yar dariya, amma idonsa bai yi ba. "Ta farko an binne, Haruna. Ba na son a binne mini ta biyu."

Na ajiye wuƙar, na ɗauki magagari na goge tsagar da na fara. A duk ƙafafun da na sassaƙa, ita kaɗai ce ban karya ba. Da daminar bana na gan shi da ita a kan kunya, yana bin shanunsa a hankali, tana barin rami zagayayye a cikin laka kusa da sawunsa.